Alhakin Jinin da Aka Zubar Daga Nesa

Ranar Lahadi, 10 ga Satumba 2023, da safe, sa'ad da yawancinmu muke shirin tafiya sujada, wuta ta faɗo daga sama a kan kasuwar Guro da take kudancin Hartum, babban birnin ƙasar Sudan. Kasuwa ce ta talakawa, a gefen unguwar Mayo, inda mutanen da yaƙi da yunwa suka koro daga wurare dabam dabam suka daɗe da zama. Aka kwashi gawawwaki da masu rauni zuwa asibitin Basha'ir. Likitocin agaji da suke aiki a can suka ƙirga matattu fiye da 40. Labarin da ya bazu shi ne, jirgi marar matuƙi ne ya yi aikin. Rundunar RSF, wadda take riƙe da yankin a lokacin, ta ce sojan gwamnati ne. Sojan gwamnati suka ce su ba su kai wa farar hula hari. Ga gawa a fili, kowa kuwa ya karkaɗe rigarsa.

Yaƙin nan ya fara ne ran 15 ga Afrilu 2023, tsakanin Janar Abdel Fattah al-Burhan, shugaban sojan ƙasa, da Janar Mohamed Hamdan Dagalo, wanda ake kira Hemedti, shugaban RSF. Garuruwa uku ne suke fuskantar juna a mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu, wato Hartum da Omdurman da Bahri, duka ukun kuwa suka zama filin daga har kusan shekara biyu. Masu bincike na wata babbar makarantar kiwon lafiya a Landan sun kimanta cewa a watanni 14 na farko mutum fiye da 61,000 suka mutu a jihar Hartum kaɗai, kimanin 26,000 daga cikinsu ta bakin makami. Sojan gwamnati sun karɓe fadar shugaban ƙasa a watan Maris 2025, a watan Mayu kuma suka ce sun kori RSF daga jihar gaba ɗaya. Amma fitar mayaƙa daga gari bai hana jirage marasa matuƙi dawowa ba, gama su ba su bukatar hanya ko gada.

Kila mai karatu zai ce, ina ruwanmu da Sudan? Ruwanmu da yawa. Dattawanmu sun tuna lokacin da sunan Sudan yake jikin ikkilisiyoyinmu, ana cewa EKAS da TEKAS, ko da yake a wancan zamani sunan yana nufin dukan ƙasar baƙar fata da take kudu da Sahara. Akwai Hausawa masu yawan gaske a Sudan, jikokin mahajjata da suka tafi da ƙafa, da jikokin waɗanda suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno gabas bayan Turawa sun kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Akwai kuma 'yan'uwa masu bi a Hartum da Omdurman, Kibɗawa da mutanen duwatsun Nuba da na Kudu. Sa'an nan abin ya riga ya iso gidanmu. Daren Lahadi, 3 ga Disamba 2023, jirgin sojan Nijeriya marar matuƙi ya jefa bom a kan masu bikin Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi a jihar Kaduna. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85. Waɗanda suka tsira sun ce bom na biyu ya faɗo a kan masu ɗaukar gawawwakin na fari.

Bari mu fara da abin da masu yabon wannan jirgi suke faɗa, domin maganarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa igwa makauniya ce, tana jefa harsashi inda mai harbin bai gani ba. Gaskiya ne kuwa: igwa ce ta kashe mutum fiye da 50 a kasuwar Sabirin ta Omdurman ran 1 ga Fabrairu 2025. Jirgi marar matuƙi kuwa yana da ido. Yana iya shawagi sa'o'i da yawa, mai tuƙa shi yana zaune gaban allo a wani ɗaki, ba tsoron mutuwa, ba gaggawa, yana iya jira har yara su wuce. Uwar soja ma za ta fi so a aika ƙarfe da a aika ɗanta. Na yarda da wannan duka. Sai dai a ganina maganar ta juyo kan masu yinta. Wanda ya ce yana gani sarai, ya rage wa kansa uzuri. Makaho in ya taka yaro, akan ce ayya. Mai ido in ya taka shi, akan tambaye shi dalili.

Idon ma ba ya ganin abin da ake tsammani. Daga sama, taron biki da taron mayaƙa duk ɗigo-ɗigo ne masu motsi. A Kabul, ran 29 ga Agusta 2021, sojan Amurka, waɗanda sun fi kowa kayan aiki, suka bi wata mota da ido kusan awa takwas, suka ɗauka jarkokin ruwa kayan fashewa ne, suka harba. Mutum 10 na gida ɗaya suka mutu, 7 yara ne. Amurka ta amsa kuskurenta, amma ba wanda aka hukunta. In haka ya faru ga masu kayan aiki mafi kyau, ina ga ƙananan jiragen kasuwa da ake ɗaura wa harsashin igwa a Omdurman, a sake shi a kan titi mai cike da mutane?

Dokar yaƙi ta duniya ba ta hana wannan jirgi ba. Ta ɗauke shi kamar kowane makami, ta ɗora masa ƙa'idodin da aka rubuta a Yarjejeniyoyin Jeniba na 1949 da ƙarin da aka yi musu a 1977, waɗanda Sudan ta amince da su. Dole a rarrabe mayaƙi da farar hula, a nufi mayaƙi kaɗai. Dole mai kai hari ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya tabbatar da abin da zai harba, ya fasa in ya ga abin ya sāke. Ko a yaƙin basasa waɗannan ƙa'idodi suna aiki, sun kuma hau kan 'yan tawaye kamar yadda suka hau kan gwamnati. Janar ɗin nan biyu ma sun aika wakilansu Jidda, ran 11 ga Mayu 2023 suka sa hannu a kan alkawarin kare farar hula. Watanni huɗu ke nan kafin kasuwar Guro.

Amma akwai ƙa'ida ta uku, ita ce mai wuyar haɗiyewa. Doka ba ta ce kowace mutuwar farar hula laifi ce ba. Ta ce laifi ne in asarar da ake tsammani ta wuce kima, in an gwada ta da ribar soja da ake nema. Wato kwamanda yana iya sanin cewa mai sayar da shayi za ta mutu, ya harba, doka kuma ta wanke shi, muddin abin da ya nufa yana da muhimmanci isasshe. Malaman ikkilisiya sun san wannan tunani tun da daɗewa. Agustin, bishop na Hippo a Afirka ta Arewa, ya koyar cewa hukuma tana iya ɗaukar takobi don ta kare marasa ƙarfi. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya bambanta abin da mutum ya nufa da abin da ya biyo bayan aikinsa ba da nufinsa ba. Ban ƙi wannan bambanci ba, gama likita ma yakan yanka don ya warkar, wani lokaci kuwa mara lafiya ya mutu a hannunsa. Abin da ya dame ni shi ne ma'aunin. Mata nawa ne masu shayi suke daidai da motar yaƙi ɗaya? Doka ba ta faɗa ba, ba ta kuwa iya faɗa. Ta bar mudu a hannun mai saye, shi ne zai auna, shi ne zai ce ya cika, takardun awon kuma suna cikin aljihunsa.

In an zo batun wanda zai yi shari'a, nan ma akwai rami. Kotun duniya mai hukunta manyan laifuffuka da take Heg ba ta da iko a kan Sudan, sai a kan abin da ya faru a Darfur, domin iyakar abin da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya miƙa mata ke nan a 2005. Ta yi aiki da wannan iko, a watan Oktoba 2025 ta sami Ali Kushayb, wani shugaban Janjawid, da laifi, bayan shekara wajen 20 da aukuwar abin. Amma jinin da aka zubar a Mayo ko a Omdurman yana bayan katangarta. Kwamitin bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya ya faɗa a watan Satumba 2024 cewa akwai dalilin gaskata cewa ɓangarorin biyu sun aikata laifuffukan yaƙi, ya kuma ba da shawara a faɗaɗa ikon kotun ya game ƙasar duka. Gwamnatin Sudan ta yi watsi da rahoton. Ita ma da ta kai ƙarar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa gaban ɗaya kotun ta Heg, tana zarginta da taimakon RSF, alƙalai suka ce a watan Mayu 2025 ba su da hurumin sauraron ƙarar.

To, tun da yake dokar mutane ta tsaya a nan, bari mu buɗe Attaura, domin ta yi dogon tunani a kan kalmar nan "kuskure". A Maimaitawar Shari'a sura 19 an ba da misalin mutum biyu da suka tafi jeji saran itace. Ɗaya ya ɗaga gatari, ruwan gatarin ya fice daga ƙota ya sami ɗan'uwansa, ya mutu. Ba ƙiyayya tsakaninsu, ba nufi. Shari'a ta ce kada a kashe shi. Amma ku lura, 'yan'uwa, ba ta ce ya koma gida ya ci tuwo ya kwanta ba. Dole ya bar gonarsa da iyalinsa ya gudu zuwa ɗaya daga cikin biranen mafaka shida, ya tsaya gaban jama'a a bincika maganarsa, bisa ga Littafin Ƙidaya sura 35 kuma ya zauna can har babban firist ya rasu. Ko wanda ba shi da laifi, jinin da ya zuba ta hannunsa yakan sāke masa rayuwa. Ba shi ne kuma yake yanke wa kansa cewa kuskure ne ba. Jama'a ce take yankewa, bayan ta ji shaidu. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da irin wannan a shari'arsu, kisan kuskure yana da diyya, yana da kaffara.

Sa'an nan Attaura ta san cewa ba kowane kuskure ne kuskure ba. A Fitowa sura 21, in sa ya soke mutum ya mutu, mai san ba shi da laifi. Amma in an san san da halin tunkuyi, an kuma gargaɗi mai shi bai ɗaure shi ba, to, alhakin jini yana wuyansa. Haka kuma wanda ya gina soro bai yi masa rawani ba, wani ya faɗo. Na ga wannan ya fi dacewa da maganarmu fiye da na mai gatari. Karo na fari da jirgi ya faɗa wa kasuwa, kila ƙota ce ta kwance. Karo na biyar, na goma, san nan kowa ya san halinsa. A Nijeriya, jirgin yaƙi ya jefa bom a sansanin 'yan gudun hijira a Rann tun a watan Janairu 2017, saboda haka ba za a ce ba a yi gargaɗi kafin Tudun Biri ba. Zan dai faɗi alheri inda yake: sojan Nijeriya sun amsa cewa su ne, babban hafsansu Janar Taoreed Lagbaja ya je garin ya ba da haƙuri, a watan Mayu 2024 kuma hedkwatar tsaro ta ce za a gurfanar da mutum biyu gaban kotun soja. Mutanen Mayo ko wannan ba su samu ba.

Akwai hujja ɗaya mai ƙarfi da sojan Sudan suke da ita, ba daidai ba ne a tsallake ta. Mayaƙan RSF sun shiga gidajen mutane sun zauna, sun ajiye motocinsu a cikin unguwanni da kusa da kasuwanni, sun mamaye asibitoci da majami'u. Wanda ya fake da farar hula ya yi laifi babba, a doka da gaban Allah. Me soja zai yi, ya bar musu garin? Tambaya ce mai nauyi, ni kuwa ban taɓa riƙe bindiga ba. Amma doka kanta ta ce laifin wanda ya fake ba ya sauke nauyin wanda ya harba. In ɓarawo ya ruga cikin rumfar mata a kasuwa, ba wanda zai ce a cinna wa rumfar wuta. Ribar jirgin nan, in ji masu yabonsa, ita ce yana iya jira. Motar yaƙi ba ta kwana a kasuwa har abada, za ta fita.

Wani irin kisa kuma ba ya barin rami a ƙasa. A tsakiyar watan Mayu 2025 jirage marasa matuƙi, waɗanda aka ɗora wa RSF alhakinsu, suka faɗa wa tashoshin wutar lantarki a Omdurman. Wuta ta ɗauke a jihar Hartum, tashoshin tace ruwa suka tsaya, mutane suka koma ɗiban ruwan Nilu yadda yake. Kafin wata ya ƙare ma'aikatar lafiya ta ce cikin mako ɗaya mutum fiye da 2,700 suka kamu da kwalara, 172 suka mutu, yawancinsu a jihar Hartum. A allon mai tuƙa jirgin ba wanda ya mutu, ƙarfe ne ya ƙone. A littafin asibiti kuwa aka rubuta amai da gudawa. Ƙarin yarjejeniyar 1977 ya hana lalatar da abin da rayuwar jama'a ta rataya a kai, har ya ambaci ruwan sha da sunansa. Ko yaron makaranta ya san famfo ba ya kawo ruwa in ba wuta. Hartum ta taɓa ganin irin wannan. Ran 20 ga Agusta 1998 Amurka ta harba makamai masu linzami daga teku ta rushe masana'antar magunguna ta al-Shifa a Bahri, tana cewa ana haɗa makami mai guba a ciki. Mutum ɗaya aka ƙirga ya mutu a daren. Waɗanda suka rasa maganin zazzaɓin cizon sauro daga baya, ba su shiga lissafi ba. Da mai masana'antar ya kai ƙara a Amurka, kotu ta ce wannan batun siyasa ne, ba na alƙali ba.

Nisa tsohon makami ne. A filin Karari, arewa da Omdurman ɗin nan, ran 2 ga Satumba 1898, bindigogi masu ruwa na Kitchener suka kashe mayaƙan Mahdi wajen 10,000 cikin safiya guda, a gefensa kuwa matattu ba su kai 50 ba. Yawancin waɗanda suka faɗi ba su kusanci wanda ya kashe su ba. Amma tun kafin a ƙera bindiga, sarki Dawuda ya kashe mutum daga nesa da takarda. Yana zaune a Urushalima ya rubuta wa Yowab ya sa Uriya a inda yaƙi ya fi zafi a bakin Rabba. Hannunsa bai taɓa takobi ba, bai ga jini ba. Abin da akan manta a labarin nan na 2 Sama'ila sura 11 shi ne, ba Uriya kaɗai ya mutu ba. Waɗansu barorin Dawuda sun faɗi tare da shi, ba wanda ya nufe su, ba a ko rubuta sunayensu ba. Da labari ya iso, Dawuda ya aika wa Yowab kada ya damu, haka yaƙi ya gada. Maganar nan ita ce kakakin soja suke maimaitawa har yau. Na sani mai tuƙa jirgi ba lalle ne yana da mugun nufin Dawuda ba. Abin da nake so a gani shi ne, da annabi Natan ya zo, bai je wurin maharban Ammonawa ba, bai je wurin Yowab ba. Ya bi igiyar har ƙarshenta, ya shiga fada.

Igiyar ta yau doguwa ce. Akwai saurayin da ya danna maɓalli, da wanda ya ba shi umarni, da mai tsegumin da ya nuna gidan, kila don tsohuwar gaba. Sudan ba ta ƙera manyan jiragen nan. An ba da rahoto cewa sojan gwamnati sun samo nasu daga Iran da Turkiyya, da na Iran ne kuma suka fara samun galaba a Omdurman a farkon 2024. Na RSF ƙirar Sin ne, ana zargin Daular Larabawa da kawo su, ita kuwa tana musu. Kowa a jikin igiyar yana iya cewa nawa ɗan kaɗan ne. Idan aka raba alhaki gida ɗari, sai kowa ya ji kamar bai ɗauki kome ba, matar da aka binne kuwa gaba ɗayanta aka binne.

Maimaitawar Shari'a sura 21 ta yi tanadi domin ranar da aka tsinci gawa a fili, ba a san wanda ya yi kisan ba. Ba a yarda a binne a manta ba. Dattawa da alƙalai za su fito su auna nisa daga gawar zuwa garuruwan da suke kewaye. Garin da ya fi kusa, dattawansa za su kawo karsana zuwa kwari, su wanke hannu a kanta a gaban firistoci, su shaida cewa ba su zubar da jinin ba, ba su kuma ga wanda ya zubar ba, su roƙi gafara domin jama'a duka. Ina ganin hikima a nan. Kafin dattijo ya buɗe baki ya yi wannan shaida a gaban Ubangiji, dole ya fara tambayar samarin garinsa inda suka kwana. Garin kuma ya yi asarar karsana, domin kada jini ya zama abu mai araha. Ban ce mu koma yanka karsana ba, gama mun san jinin da ya isa domin gafara. Amma fitowar dattawa, da awon, da shaida a bainar jama'a, waɗannan ba su tsufa ba. A zamanin jirgi marar matuƙi garin da ya fi kusa shi ne wanda jirgin ya tashi daga filinsa, gano shi kuwa ba wuya. Kowane tashi ana rubuta shi, hoton da jirgin ya ɗauka yana nan ajiye, ɓaraguzan bom suna ɗauke da lambar masana'anta. Sojan da ya ce bai nufi farar hula ba yana da hanyar nunawa, in ya so.

Abin da ya kamata ikkilisiya ta riƙa nema daga hukuma, a Hartum ko a Kaduna, bai fi ƙarfin hukuma ba: a ƙirga matattu, a rubuta sunayensu, a faɗi wanda ya ba da umarni, a bar wani wanda ba soja ba ya duba hoton, a biya diyyar da za ta ciyar da marayu. Kada kuma mu fara tambaya ko mamatan namu ne ko na masallaci kafin mu buɗe baki. A Sudan, matasan unguwa masu ɗakunan agajin gaggawa da wata ƙungiyar lauyoyi ta sa kai su ne suka riƙa yin wannan ƙirga, suna cikin haɗari daga ɓangarorin biyu. A lokacin yaƙin, hanyar maƙabarta ta gagara, mutanen Hartum da Omdurman suka binne 'yan'uwansu a tsakar gida, da filin makaranta, da gefen titi. A 2025, bayan an kori RSF, hukumar jihar tare da ma'aikatan Red Crescent suka fara tone waɗannan kaburbura ɗaya ɗaya suna mai da gawawwakin maƙabarta, iyalai suna tsaye a gefe suna faɗa wa mai rubutu sunan wanda aka tono.